Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan al'ummarmu a Greensboro: hannun wa muke bar wa 'ya'yanmu a jim da kanti?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena Alhazai, malamanmu limamai, shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan Nijar da Najeriya da Gana, da iyayena mata masu riƙe da adashi da hidimar biki da suna a wannan gari, ina gaishe ku gaisuwar girma. Allah ya ƙara muku lafiya, ya saka muku da alheri a kan wahalar da kuke sha da mu, tun daga tarbar baƙo a filin jirgi har zuwa haɗa kuɗin kai gawa gida. Na san ba tarbiyyarmu ba ce 'ya ta tsaya gaban iyayenta ta yi ta zuba, shi ya sa na zaɓi rubutu. Na kuma sa shi a fili maimakon in miƙa wa mutum ɗaya a ambulan, domin maganar ta shafi duk uwar da ta taɓa miƙa ɗanta ta saman 'yar guntuwar ƙofa ta juya ta tafi.

Ni mai raino ce, shekara tara ke nan da ita nake ci nake sha. Aikina na farko a ƙasar nan a ɗakin yara na wani wurin motsa jiki ne, jim kamar yadda muke cewa. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi kaɗai ba ne, kuma bai karya doka ba. Wannan rashin karya dokar ma shi ne ya hana ni barci har na zauna rubutu. Na je ranar Talata neman aiki, wani saurayi manaja ya tambaye ni ko ina son yara, na ce ƙannena bakwai, ni na goye biyar. Ya yi dariya, ya ce zan iya zuwa Asabar da safe? Ranar Alhamis aka ba ni riga mai tambarin wurin. Ranar Asabar ƙarfe 8 aka ɗora mini jaririyar wata huɗu a kafaɗa. Ba wanda ya ɗauki hoton yatsuna, ba wanda ya kira wani ya tambayi ko ni 'yar gidan wace ce. Turancina a lokacin bai kai in yi wa uwa bayanin abin da ya sami ɗanta ba in wani abu ya faru. Uwar jaririyar ta sumbace ta a goshi, ta toshe kunnuwanta da iyafis, ta haye bene.

Bayan shekara biyu na koma gidan raino mai lasisi, irin wanda gwamnati ke ba taurari daga ɗaya zuwa biyar a liƙa a bango. Can kafin in taɓa ɗan kowa sai da aka ɗauki hoton yatsuna goma aka aika wa hukumar binciken jiha da FBI. Aka duba rajistar masu laifin lalata, aka duba jerin sunayen waɗanda aka taɓa samu da cin zalin yaro. Na zauna ina jiran wasiƙar cancanta daga DCDEE, sashen Ma'aikatar Lafiya ta jiha mai kula da gidajen raino. Aka yi mini gwajin tarin fuka, aka koya mini yadda ake farfaɗo da yaron da numfashinsa ya ɗauke, da dalilin da ya sa ake kwantar da jariri rigingine ba rub-da-ciki ba. A ɗakin jarirai doka ba ta yarda mace ɗaya ta riƙe fiye da biyar ba, 'yan shekara ɗaya shida, 'yan shekara biyu goma. Ranar da aka karanta mini waɗannan lambobi sai na tuno wata Asabar da na ƙirga yara 23 a ɗakin jim, mu biyu ne, ni da wata 'yar sakandare wadda wayarta ta fi ɗaukar hankalinta. Kuma yaran su ne dai. Akwai wani ɗan yaro mai son mota ja da na yi raino a jim, na sake samunsa a sabon wurin aikina. Daga Litinin zuwa Juma'a gwamnati na son sanin wace ce ni kafin in share masa majina. Ranar Asabar ba ruwanta.

Na daɗe ina zaton sakacin masu wurin ne, ashe a rubuce yake. Dokar raino ta jiharmu, Karolina ta Arewa, sashe na 110-86, ta ce abin da ta sani da raino shi ne a haɗa yara uku ko fiye, 'yan ƙasa da shekara 13, a hannun wanda ba danginsu ba, aƙalla sau ɗaya a mako, fiye da awa huɗu a rana. Sai ta jero abubuwan da ba ta ɗauka raino ba. A cikinsu akwai ajiye yaro na ɗan lokaci yayin da iyaye ke wata hidima da ba aikin albashi ba, suna cikin ginin ko inda za a same su cikin sauƙi. Har misalai ta kawo da bakinta: wuraren motsa jiki, wuraren wasan bolin, manyan kasuwannin zamani, otal-otal na shaƙatawa da coci-coci. Abu biyu sashe na 110-99 ya ɗora musu: su yi rajista da ma'aikata cewa ga irin hidimar da suke yi, su kuma liƙa sanarwa inda za a gani cewa wurin ba shi da lasisi kuma gwamnati ba ta sa masa ido. Binciken ma'aikata ba ya cikin biyun nan.

Sanarwar kuwa na san ta sarai, don ni nake goge mata ƙura. Farar takarda ce cikin leda, da Turancin lauyoyi, tsakanin jadawalin azuzuwan motsa jiki da tallar garin ƙarin ƙarfi. Uwa ta shigo da goyo a hannu ɗaya, jakar famfas a ɗayan, babban yaron na jan zanenta, ana jiranta ta sa hannu a littafi. A shekara biyun da na yi, mutum biyu na ga sun tsaya sun karanta ta, kuma babu tamu ko ɗaya a ciki. Abin da 'yar'uwarmu ke gani shi ne darduma mai launi, kayan wasa, 'yan mata da riguna iri ɗaya. Sai ta ce a ranta, nan Amurka ce, ƙasar da ko kifi za ka kama a tafki sai da lasisi, ai ba za a bar kowa ya taɓa yaro ba a bincike shi ba.

Gwamnatin tarayya ta yi nata. A watan Nuwamban 2014 shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar tallafin raino da ta tilasta wa jihohi cikakken bincike: yatsu a FBI, rajistar masu laifin lalata ta ƙasa, da kundin laifuka da na cin zalin yara na duk jihar da mutum ya zauna cikin shekara biyar da suka wuce, a kuma maimaita aƙalla duk bayan shekara biyar. Doka ce mai kyau, ita ma tana cikin abin da ya sa na yi zaman jiran wasiƙata. Amma hannunta ya tsaya ne a kan wuraren da jiha ke kula da su a matsayin gidajen raino da masu karɓar kuɗin tallafi. Wurin da jiha ta ce ba raino yake yi ba ya sulale ta ƙarƙashin raga.

Hujjar da aka gina wannan sassauci a kai ita ce uwa tana kusa. Iyayena, kusa da me? Tana bene na biyu a kan injin gudu, kiɗa na tashi, kunnenta a toshe. Ko tana cikin ruwan ninƙaya, ko a banɗaki da sabulu a ido, wayarta a kulle cikin akwati. In a babban kanti ne, tana can ƙarshen gini tana auna labule, tsakaninta da ɗakin yara tafiyar da ta fi daga gidanmu zuwa masallacin unguwa. Girgiza jariri har jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa ba ya cin minti ɗaya. Hannun da zai shiga inda bai kamata ba lokacin canza kunzugu ba ya jiran awa huɗu ta cika. Doka ta zauna tana ƙirga awoyi tana auna taku, ba ta tambayi hannun wa yaron yake ba. A gida in aka ce uwa tana kusa, ana nufin tana tsakar gida tana tankaɗe, tana jin kukan ɗanta ta bayan zana, ta kuma san yarinyar da ke goye da shi, ta san uwarta, ta san wanda ya yanka mata ragon suna.

Mu ba baƙin bincike ba ne, mu ne ma masu shi. A Maraɗi in za a ba da 'ya aure, sai kawu ya sa rigarsa ya tafi garin su yaron, ya zauna a majalisa ya sha shayi, ya ji ta bakin mai unguwa da liman da mai shagon bakin layi, ya dawo ya ce a ba shi ko kada a ba shi. Ba wanda ke cewa an ci wa yaro mutunci. Ko 'yar aiki za a kawo daga ƙauye, ana sanin wadda ta kawo ta da wadda za a riƙe in wani abu ya ɓace. Wanda ya taɓa neman aikin gwamnati a Yamai ya san sai ya je kotu ya karɓo kaziye, takardar da ke nuna ko an taɓa samunsa da laifi, kuma in ta wuce wata uku da fitowa ba a karɓa. A nan fa? Mutum ya kwashe kayansa daga wata jiha ranar Litinin, Laraba yana Greensboro da farar riga da murmushi. Ba mai unguwa, ba kawu, ba majalisa. Yatsa shi ne mai unguwar ƙasar nan, shi kaɗai ke iya cewa na san wannan, ga abin da ya yi a wuri kaza.

Bari in ba ku labarin da ban taɓa ba ko mijina cikakke ba. Akwai wata da muka yi wata huɗu tare a jim ɗin nan. Mace mai fara'a, ta san sunan kowane yaro, iyaye har kyautar kati suke kawo mata. Wata rana muna wanke kayan wasa na ce mata ina tunanin komawa gidan raino mai lasisi. Ta ce ita ma ta gwada, wasiƙarta ce ba ta fito ba. Ta faɗe shi ne kamar mai cewa yau an yi yayyafi. Bayan mako biyu na fito daga banɗaki da wani yaro, na ga ta ɗaga wata 'yar shekara ɗaya da rabi ta dantse ɗaya, ta dangwarar da ita a kujera har na ji haƙoranta sun haɗu, fuskarta kuwa na kallon tagar gilashi tana murmushi. Yarinyar ba ta ma yi kuka nan take ba, numfashi ta ja tukuna. Na gaya wa manaja. Aka rage mata ranaku, daga baya ta daina zuwa. Ba a rubuta komai ba, ba a kira kowa ba, uwar yarinyar ta zo da tawul a wuya ta ɗauki 'yarta ta ce mana mun gode. Ni ma ban ce mata komai ba. A lokacin ba a yi dokar da ta fara aiki a Disamban 2019 ba, wadda ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 18 a jihar nan ya kai wa 'yan sanda rahoto in ya san an ci zalin yaro ko an yi masa lalata. Amma ba rashin doka ne ya rufe mini baki ba, tsoron rasa aiki ne, kuma ina neman gafarar Allah a kai har yau. Bayan wata shida na hango ta ta gilashi a ɗakin yara na wani babban kanti, da wata rigar mai wani tambarin, tana ɗauke da ɗan wani.

Ruwa kwari yake nema. Muddin aka tsaurara ƙofar gidajen raino masu lasisi aka bar ta jim da kanti a buɗe, duk wanda aka kora can ya san inda zai nufa. Ban ce yawancin masu aikin nan miyagu ba ne. Yawancinsu ɗalibai ne da uwaye irina masu neman na cefane, kuma akwai manyan wurare da ke binciken ma'aikatansu don ra'ayin kansu, Allah ya ba su lada. Sai dai abin da mutum ke yi don ra'ayin kansa yana iya bari ranar da ma'aikata biyu suka ƙi zuwa kuma Asabar ta ƙarato, kuma uwa da ke tsaye a bakin ƙofa ba ta da hanyar gane wane ne ke yi wane ne ba ya yi.

Akwai jihar da ta toshe wannan rami, kuma ita ma ba da daɗi ta koya ba. A Kalifoniya a 1983 wata mai raino ta girgiza jaririyar wata shida har ta makance. Kotu ta same ta da laifi, ta ci ta tarar dala 100, ta sake ta bisa sharaɗin sa ido, ba ta kuma hana ta ci gaba da raino ba. Uwar yarinyar, Mary Beth Phillips, ta ƙi zama ta rungumi ƙaddara kawai, ta yi ta sintiri a majalisar jihar har aka kafa rajistar TrustLine a 1987. Mai raino ya ba da yatsunsa, a duba kundin laifuka na jihar da na FBI da jerin masu cin zalin yara, in ya fita tsab a sa sunansa. Uwa ta buga waya ta ba da sunansa da lambar lasisin tuƙinsa, a gaya mata yana ciki ko ba ya ciki, kyauta. A 2009 majalisar ta ƙara doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2011, cewa duk wanda ya kai shekara 18 da ke kula da yara a ɗakin raino na wurin motsa jiki, ko kantin cefane, ko wata sana'a mai riƙe wa abokan cinikinta yara, sai ya shiga rajistar. Ba su ce a auna faɗin ɗaki ba, ba su ce a nemo lasisi ba. Mutumin kawai suka ce a duba. Fiye da shekara goma ke nan, kuma har gobe wuraren motsa jiki na Kalifoniya na karɓar yara.

Wannan ya kawo ni ga abin da ba na so a fahimce ni a baibai. Ba na neman a rufe ɗakunan nan. Na san matan da ke zuwa. Likita ne ya ce mata hawan jini ko suga ya fara leƙowa, sai ta motsa jiki. Maigida yana sito ko yana tuƙi da dare, da rana barci yake. Babu kaka, babu goggo, maƙwabciya ba ta ma san sunanta ba. Awa biyun nan da take ajiye yara su ne kaɗai lokacin da take jin kanta a mako. In aka ɗora wa jim duk nauyin gidan raino, sai ya mai da ɗakin wurin ajiye tabarmi, mu ne da asara. Masu wuraren za su ce ko binciken ma kuɗi ne da ɓata lokaci, ma'aikatansu ba sa daɗewa. Amsar ita ce wasiƙar cancanta ta jihar nan mutum take bi, ba gini ba. Wadda ta same ta sau ɗaya tana iya zuwa da ita wani wurin aikin. Kuma wurin da ya iya jera injin gudu arba'in a gaban talabijin ba zai talauce a kan yatsun ma'aikata shida ba.

Na san abin da za a ce a zaman bayan Isha'i, don an fara faɗa mini a waya: ke 'yar nan, maganar yatsu ba tamu ba ce, kada ki jawo wa mutane idon hukumar shige da fice, ga matanmu da yawa da wannan aiki suke rufa wa kansu asiri. Allah ya gafarta Malam, na ji, kuma ba na raina wannan tsoro. Amma duk wanda ya shigo da biza ya riga ya dangwala a ofishin jakadanci a Yamai ko Abuja ko Akara, ya sake dangwalawa a filin jirgi. Wanda ya ci lotiri har kaziye ya kai. Aikin jim da na kanti kuwa dama ba a ɗaukar mutum sai ya nuna takardar izinin aiki. Abin da dokar tarayya ta ce yana hana mutum raino ma a fili yake: kisa, cin zalin yaro, fyaɗe, sace mutum, cinna wa gini wuta, babban laifin duka ko cin zalin abokin aure, babban laifin ƙwaya cikin shekara biyar, ko kasancewa a rajistar masu lalata. Tikitin gudu a hanya ba ya ciki, kuma wanda ya ga an yi masa kuskure yana da damar ɗaukaka ƙara.

Ni a ganina ma yatsa ya fi yi mana adalci a kan binciken suna da kamfanoni ke yi a intanet. Ku dubi takardunmu. Mahamadou, Mamane, Mohamed, Mouhamadou, mutum ɗaya na iya ɗauke da rubutu uku a takardu uku. Ibrahim da Abdou da Issoufou kuwa sun fi a ƙirga. Ga mu da yawa da ba a rubuta ranar haihuwarmu ba, aka manna mana 1 ga Janairu. Kwamfuta ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya sai ta ɗora wa salihin bawa laifin wani, ko ta wanke mai laifi don harafi ɗaya ya sauya. Zanen yatsa ba ya da takwara.

Kada kuma in yaudare ku, bincike ba laya ba ne. Wanda aka taɓa kamawa kawai yake nunawa. Ni kaina bai ga shekarun da na yi a Maraɗi ba, daga ranar da na sauka ya fara sanina. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na lalatar da ake yi wa yara, wanda yaron ko danginsa suka sani suka kuma yarda da shi ne ke yi. Saboda haka ko an yi dokar gobe, uwa ta ci gaba da tambaya a bakin ƙofa: an ɗauki yatsun masu aikin nan? Mutum nawa ke ciki, yara nawa? Akwai lungun da ba a gani ta gilashi? Wa ke kai yaro banɗaki? Wuri mai hankali uwar yake kira ta zo ta canza famfas da kanta, ba ya barin babba ɗaya ya rufe ƙofa da yaro, ba ya ba da yaro sai ga wanda ya kawo shi da katin shaida. In manaja ya ɓata rai don an tambaya, wannan ma amsa ce.

Yanzu ga inda nake neman afuwa tun kafin in faɗa. Dokar da na karanto muku ta ambaci coci-coci, ta ma ɗauke musu wajibin rajistar da sanarwar. Mu ma ba wanda ke zuwa daga Raleigh, babban birnin jiha, ya leƙa ɗakin da muke tara yara lokacin tarawihi, ko Islamiyyar Asabar da Lahadi, ko motar da ke kwaso su. Wa ke ciki da su? Ɗan'uwa ne Musulmi, wata uku da isowarsa daga wata jiha, ƙira'arsa da daɗi, ya ce zai taimaka fisabilillahi, muka ce Allah ya kawo mu. Wataƙila waliyyi ne. Amma da 'yar ɗayanku ya zo nema da aure, da kun buga waya har garinsu. Me ya sa 'yar shekara 20 ta cancanci bincike, 'yar shekara biyar da ba ta iya ba da labari ba ba ta cancanta ba? Kunya ce, na sani, kada a ce mun zargi mai karatun Alƙur'ani. Dokar jihar nan ta haramta wa wanda ke rajistar masu lalata ya yi aiki ko aikin sa-kai a inda zai koyar da yara ko ya kula da su, amma doka ba ta tsayawa a bakin ƙofar masallaci. Sai wani ya zauna ya buga sunan. Rajistar jiha da ta ƙasa duka suna intanet, ba a biyan ko sisi. A duba su, a nemi izinin mutum a rubuce a yi masa cikakken bincike, a kira masallacin da ya baro. Maganin kunyar kuwa yana hannunku: liman ya fara ba da sunansa, shugaban kwamiti ya bi, sannan a zo kan malamai da direba. In babba ya fara miƙa hannu, ba ƙaramin da zai ce shi aka nufa. Ba zai yi kyau mu je Raleigh neman a share ƙofar wasu ba alhali tamu ba a share ba.

Abin da nake roƙo a kai can ɗin ɗan kaɗan ne. Ramin a cikin doka yake, don haka ma'aikata ba ta iya cike shi, sai majalisar dokoki, mai sanatoci 50 da wakilai 120. Gundumarmu ta Guilford na da nata a ciki, kuma cikinmu akwai masu katin zaɓe da yawa yanzu, 'ya'yanmu da aka haifa a nan ma sun fara kai shekarun jefa ƙuri'a. A nemi ganin wakilanmu, a ce musu a ƙara layi ɗaya: duk wanda ya kai shekara 18 da ke riƙe yara a irin waɗannan ɗakuna ya mallaki wasiƙar cancanta irin tawa, mai wurin ya ajiye kwafi, uwa in ta nema a nuna mata. Wanda bai kai 18 ba kada a bar shi shi kaɗai da yara, don dokar Kalifoniya ba ta kai ga wannan ba. Kada mu je mu kaɗai. 'Yan Sudan da 'yan Kongo da masu jin Sifaniyanci na garin nan jim ɗaya muke zuwa, kuma fastocinsu na da lambobin wayar da ba mu da su. Kafin nan, iyayena mata, saƙon murya ɗaya da Hausa, ɗaya da Zabarmanci, a zaurukan WhatsApp na adashi, a gaya wa mata abin da farar takardar nan ta bango ke cewa. Malam kuma ya ba mu minti uku bayan huɗuba.

Na buga sassan dokar nan biyu, na juya su zuwa Hausa gwargwadon iyawata, suna cikin jakata. Duk Juma'ar da kuka ce, zan tsaya ta ƙofar mata bayan salla. In kuma tafiyar Raleigh ta tashi, awa ɗaya da rabi ba ta cika ba a mota, sai dai ku sanar da ni da kwana biyu, don sai na nemo wadda za ta riƙe mini ɗakin jarirai, ita ma kuma dole mai wasiƙa.

Wassalam.

'Yarku,
mai raino a Greensboro, haifaffiyar Maraɗi